Gilashin da Ya Ƙi Ƙanƙancewa: Nazari Kan Tagogin Ƙananan Jiragen Roba

A Ingila da Amurka da Japan da Jamhuriyar Cek akwai wata sana'ar sha'awa da magidanta, har da masu furfura, ke raba dare a kanta: haɗa ƙaramin samfurin jirgin sama. Mutum zai sayo kwali cike da gutsattsarin roba, ya yanka, ya manna, ya fente, har ya fitar da jirgin da bai wuce taƙi ɗaya ba amma kowace gaɓa tasa ta yi daidai da ta jirgin gaske. Kusan kowane kuskure a wannan aiki yana da magani. Idan rami ya fito a cike shi, idan tudu ne a bi shi da samfefa, sauran kuma fenti ya rufa asiri. Wuri ɗaya ne fenti ba ya ceton kowa, wato tagogi da rumfar gilashin da ke kan matuƙi. Shi ya sa a gasannin ƙungiyar IPMS ta masu wannan sana'a, wadda aka kafa a Birtaniya a 1963 kuma take babban taronta a garin Telford duk watan Nuwamba, gilashi na cikin wuraren da alƙalai ke fara kai ido: ko ya yi hazo, ko ya tsage, ko akwai shatin yatsa da gam.

Da farko ba a damu da wannan ba. Ma'aunin 1:72, inda inci ɗaya a samfuri ke wakiltar ƙafa shida a jirgi, ya samu gindin zama ne da samfuran katako na Skybirds da James Hay Stevens ya tsara a 1932, sannan kamfanin FROG ya biyo da na roba, masu suna Penguin, a 1936. A 1942 rundunar ruwan Amurka ta nemi ɗaliban makarantu su sassaƙa mata samfura 500,000 a wannan ma'auni domin koya wa sojoji bambance jirgin gida da na abokan gaba. Baƙin fenti aka shafe su da shi gaba ɗaya, domin surar jirgi daga nesa ake buƙata. Bayan yaƙin duniya na biyu ne, da kamfanonin Airfix da Revell da Monogram suka cika kantuna da kwalaye masu araha, kallon ya dawo na kusa. A lokacin kuwa jiragen gaske sun riga sun sauya fuska. Robar Plexiglas da aka fitar a Jamus a 1933, da takwararta Perspex ta Ingila, sun ba da damar yin hancin gilashi irin na Heinkel 111 da rumfa mai kumburi irin ta P-51D Mustang. Wanda ya ɓata wannan sashe a samfuri ya ɓata kamannin jirgin ne baki ɗaya.

Tushen matsalar lissafi ne. Ana iya ƙanƙanta fiffike sau 72, amma robar da ake ɗurawa a mazubi tana da iyakar sirantakar da za ta iya yi. Rumfa mai kaurin milimita 1 a ma'aunin 1:72 daidai take da gilashi mai kaurin santimita 7 da ɗoriya a jirgin gaske. A 1:144 ya haura santimita 14. Kauri irin wannan yana karkatar da haske, sai kujera da allon matuƙin da mutum ya sha wahalar fentewa su fito a murɗe. Ga kuma gautsi. Robar jikin jirgi ana gauraya ta da wani sinadari mai danƙo da ke sa ta jure lanƙwasa, ita kuwa mai garai-garai ba ta samun wannan gauraye, don zai dusashe ta. Da an matse ta da almakashi kusa da jiki sai farin tsagu ya ratsa ciki, kuma babu gogewar da za ta fitar da shi. Masu gwaninta da ɗan siririn zarto suke raba ta da sandar da take maƙale a kai.

Sai batun gam. Gam ɗin da ake haɗa sauran jiki da shi narkar da roba yake yi ya haɗe gefe biyu, don haka ɗigo ɗaya a kan gilashi tabo ne. Sufa gulu kuma tururi yake fitarwa yayin bushewa, tururin ya sauka kan maiƙon yatsa ya bar farin hazo, sau da yawa ta ciki, bayan an riga an rufe. Wannan ya tura mutane ga farin gam na ruwa, dangin wanda kafintoci ke amfani da shi, da irin su Kristal Klear na Microscale da Clearfix na Humbrol. Ba su da ƙarfin riƙo sosai, amma ba sa cin roba.

Martani mafi daɗewa ga matsalar kauri shi ne mutum ya ƙera tasa rumfar. Ya sassaƙa siffarta da katako, ko ya cika ta cikin kwalin da wani abu mai tauri ta zama mazubi, ya kafa a kan ɗan sanda. Sai ya ɗaure siririn fallen roba a firam, ya riƙe shi a saman wuta, ba kusa ainun ba, yana jujjuyawa. Akwai wani ɗan lokaci da fallen zai yi laushi ya fara lotsawa a tsakiya. Nan take ake danna shi kan mazubin. Idan aka yi gaggawa ba zai kwanta ba, idan aka yi jinkiri ƙuraje su fito masa ko ya yi fari. Wasu sukan haɗa akwati mai ƙananan ramuka su jona shi da injin shara mai zuƙo iska, domin iskar ta ja fallen ya lafe a jikin mazubi. Kamfanin Falcon na New Zealand ya yi suna da sayar da irin waɗannan rumfuna a shirye. A ganina wannan ce hanyar da ta fi fuskantar ainihin matsalar, tunda kaurin take ragewa, ba ɓoye shi ba. Farashinta shi ne yankan: bakin rumfar siriri ne ƙwarai, babu inda gam zai kama sosai, kuma reza ta zame sau ɗaya an koma farko.

Jiragen yaƙi na zamani sun zo da tasu rigimar. Rumfar F-16 ta fi faɗi a tsakiya fiye da ƙasanta, saboda haka ba ta fita daga mazubi mai ɓari biyu. Dole a yi mazubi mai sassa da yawa, shi kuma ya bar layi a tsakiyar rumfar daga gaba zuwa baya. Maganinsa yana tayar da hankalin sabon shiga: a kankare layin da reza, gilashin ya dusashe gaba ɗaya, sannan a bi shi da samfefa daga mai kaushi zuwa mai laushi, har zuwa lamba 12000 ta Micro-Mesh, wadda da ita ake goge tagogin jiragen gaske ma, a ƙarasa da man gogewa da ƙyalle mai taushi.

Daga nan ne al'adar tsomawa ta shigo. Wani ruwan goge daɓe na kamfanin SC Johnson, wanda aka sani da Future a Amurka da Klear a Birtaniya kafin a yi ta sauya masa suna, ya zama kamar wajibi. A tsoma rumfa a ciki, a ɗora gefenta kan takarda ta tsotse rarar, a kife kofi a kai saboda ƙura, a bari ya kwana. Yana cike ƙananan ƙarzuna, yana kuma kare gilashi daga hazon sufa gulu. Amfaninsa ba abin musu ba ne. Inda nake da ja shi ne yadda ya sauya idon masu sana'ar. Za ka ga samfurin jirgin yaƙin duniya na biyu an yi masa tsatsa da baƙin hayaƙi da ɓarewar fenti kamar ya shekara a fagen fama, amma rumfarsa tana walƙiya fiye da ranar da ta bar masana'anta. An ɗauki ƙyalli a matsayin shaidar gwaninta, aka manta da tambayar ko ya dace da sauran jikin.

Rufe gilashi kafin feshin fenti kuwa kasuwa ta kusa karɓe shi. Da, sai an manna salatif ɗin takarda mai ruwan ɗorawa na Tamiya a bi kowane firam da sabuwar reza. Yanzu kamfanin Eduard na Cek yana sayar da shi a yanke, kowace taga da nata. Wasu na kukan an kashe hannu. Duk wanda ya ƙirga tagogin jirgin Avro Anson ba zai taya su kukan ba.

Muhawarar da ta fi armashi tana wajen masu haɗa jiragen fasinja a 1:144, inda faɗin taga bai wuce kimanin milimita 2 ba, kuma ga su jere da yawa. Ɓangare ɗaya na cewa taga sai an ga haske ta cikinta. Su ne masu lakato farin gam da tsinken sakace, su zagaya bakin ramin, su ja a hankali har siririn mayafi ya rufe shi, ya bushe ya zama garai-garai. Ko su liƙa salatif ta waje, su ɗura ruwan roba mai daskarewa ta ciki, su goge ya yi daidai da jiki. Ɗaya ɓangaren na toshe ramukan gaba ɗaya, su fente, su liƙa sitika mai hoton tagogi. Kamfanoni ma sun rabu: tsofaffin kwalayen Airfix da ramuka suke zuwa, Minicraft kuwa a kan sitika ya dogara.

Na fi karkata ga masu sitika, kuma dalilina lissafi ne irin na ɗazu. Kallon samfurin 1:144 daga rabin mita daidai yake da kallon jirgin gaske daga mita 72. Duk wanda ya taɓa hango jirgin alhazai a filin Malam Aminu Kano da rana ya san abin da ake gani daga wannan nisa: jerin ɗige-ɗige masu duhu, ba kujeru ba. Mayafin farin gam yana bushewa ne da lotsawa a tsakiya, kowace taga tana mayar da haske ta nata ɓangaren, alhali tagogin gaske kusan a shafe suke da jiki. Kuma cikin samfurin fanko ne. Haske yakan shiga ta dama ya fita ta hagu, dole mai tagar garai-garai ya shafe cikin jirgin da baƙin fenti don kada a ga komai ta tagar da ya wahala wajen buɗewa. Masu adawa suna da hujja guda mai ƙarfi, cewa sitika ba ta sauyawa idan mai kallo ya matsa, gilashi kuwa yana yi. A babban ma'auni kamar 1:48, inda ake leƙa ɗakin matuƙi da gaske, hujjarsu ce ke rinjaye.

Ci gaban da ya fi rage ɓarna a shekarun baya-bayan nan daga masu tsara mazubi ya fito. Maimakon a yanke gilashin gaba daidai bakinsa, yanzu sukan zuba shi haɗe da wani yanki na jikin jirgi, duk a roba mai garai-garai. Wurin haɗin sai ya faɗa nesa da taga, inda za a iya sa gam mai ƙarfi, a cike, a goge da samfefa, a rufe tagar da salatif, a fente sauran.