Taswirar da ta Tsaya a Magarya: Nazari kan Kayan Koyar da Tarihi da Labarin Ƙasa a Damagaram

A kolejoji da lise-lise na Nijar malami ɗaya ne ke riƙe da darasin tarihi da na labarin ƙasa. Wannan tsari gadonsa muka yi daga Faransa, kuma yana cikin ƴan abubuwan da muka gada waɗanda ba su da abin zargi, domin kuwa ba a fahimtar abin da mutane suka aikata sai an san ƙasar da suka aikata shi a kanta. Babu inda wannan gaskiya ta fi fitowa fili kamar Damagaram, garin da dutse da ruwa da hanyar ayari suka yanke masa rabonsa tun kafin zuwan Nasara. Sai dai kayan aikin da ke hannun malamin, wato littafi da taswira, sun raba abin da tsarin ya haɗa, kuma sun fi cutar da ɗalibin Damagaram a kan darasin da ya kamata ya fi kowa iyawa, wato labarin gidansu.

Kafin a zargi littattafan ya kamata a ba su haƙƙinsu. A tsakiyar shekarun 1960 ne ƙasashen Afirka rainon Faransa suka amince da sabon tsarin koyar da tarihi da labarin ƙasa wanda ya sa Afirka a gaba. Daga nan aka sami jerin littattafan da Amadou-Mahtar M'Bow da Joseph Ki-Zerbo da Jean Devisse suka jagoranta, da kuma na IPAM, waɗanda tsofaffin ɗalibai da yawa ke tunawa da su har yau. Aiki ne babba, shi ya fitar da sarakunan Faransa daga tsakiyar aji ya shigo da Gana da Mali da Sanwai da Kanem-Barno. Amma littafin da aka rubuta domin a karanta shi daga Dakar har Madagaska ba shi da wurin ajiye sarautar Damagaram. Ƙasar Hausa kanta babi guda take samu, ina ga wata daula da ta taso a gefen Barno a ƙarni na 18? An kafa cibiyar INDRAP a Yamai domin ta mayar da kayan koyarwa na gida, André Salifou kuma ya fitar da Histoire du Niger a 1989. Duk da haka littafin ƙasa baki ɗaya dole ne ya raba shafukansa tsakanin Ayar da Zabarma da Gobir da Adar da Manga, kowa ya sami ɗan abin da ya samu.

Ƙarancin shafuka ba shi ne babban aibi ba. Babban aibin shi ne ƙofar da Damagaram ke shigowa ta cikinta. A tarihin da aka tsara bisa tafiyar mulkin mallaka, garin yana bayyana ne ranar 5 ga Mayu 1898, ranar da aka kashe Kyaftin Cazemajou, sai yaƙin Tirmini a ƙarshen Yuli 1899, sai kisan Sarki Amadu Kuran Daga a watan Satumba na wannan shekara. Wato ɗalibi yana haɗuwa da sarkin ne ana gobe zai faɗi. Yaron da ke shiga lise mai ɗauke da sunan Kuran Daga kowace safiya yana iya haddace waɗannan ranaku uku ya ci jarrabawa, amma a tambaye shi dalilin kashe Cazemajou sai ya yi shiru, ko ya ce ƙin jinin Turawa ne kawai. Alhali kuwa amsar tana gabas. Rabe ya ci Barno a 1893, Barnon da Damagaram ta daɗe tana kai wa gaisuwa, Cazemajou kuma wajen Raben ya nufa. Sarkin da ya ga baƙo da bindigogi zai wuce ta ƙofarsa ya je ya ƙulla zumunci da wanda ya rushe Kukawa yana da abin tsoro, haka ma fataken da dukiyarsu ke bin hanyar Agadas zuwa Tarabulus. Ko an yarda da hukuncin da fada ta yanke ko ba a yarda ba, hukunci ne na siyasa, na mutanen da suka san duniyarsu. Littafin da ya fara daga 1898 yana mayar da su masu fushi kawai.

Ita kuwa taswira laifinta ya fi girma, domin shiru take yi ta koyar da kuskure. Taswirar Nijar da ake ratayawa a bango tana ƙarewa kudu da Magarya da Matamaye, abin da ke bayan layin sai fari fat, an rubuta masa suna guda. To ta yaya za a koyar da Damagaram ta ƙarni na 19 a kan irin wannan takarda? Gumel da Macina da Nguru, waɗanda ikon Damagaram ya taɓa, suna cikin farin. Daura tana cikin farin. Kano, wadda Kuran Daga ya kai wa yaƙi a zamanin Sarki Alu, tana cikin farin, ga shi kuwa tazararta da Zindar ba ta wuce kimanin kilomita 240 ba, alhali Yamai tana kusan kilomita 900. Ɗalibin Kano ma haka abin yake a wajensa ta ɗaya gefen: Damagaram a littafinsa wasu mahara ne da ke saukowa daga saman shafi.

Abin takaici shi ne layin nan kansa darasi ne mai daɗi da an koyar da shi. Yarjejeniyar Paris ta 14 ga Yuni 1898 ta zana da'ira kewaye da Sakkwato, mai nisan mil 100 daga tsakiyar birnin zuwa bakinta, ta bai wa Ingila, sai Faransawa suka wayi gari ba su da hanya mai rijiyoyi daga kogin Kwara zuwa Zindar. A 1904 Ingila ta yarda a tura iyakar kudu, cikin wani ciniki da ya haɗa har da haƙƙin kamun kifi da Faransa ke da shi a gaɓar wani tsibiri da ke gabashin Kanada. Aka sake gyara a 1906, sannan ayarin Tilho ya bi ƙasa yana kafa alamomi. Ashe kifin Kanada yana da hannu a dalilin da ya sa wani ƙauye ke karatu da Faransanci, na ƙanen kakansa kuma da Ingilishi. Yaro ɗan shekara 14 ba zai manta da wannan ba in ya ji shi sau ɗaya, kuma ga tarihi ga labarin ƙasa a cikin awa guda.

Ba rashin bincike ke damun mu ba. Ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba. A 1971 André Salifou, ɗan garin, ya buga Le Damagaram ou Sultanat de Zinder au XIXe siècle cikin jerin Études nigériennes. Shekara guda kafin nan Roberta Ann Dunbar ta kammala kundin digirinta a Amurka kan Damagaram daga 1812 zuwa 1906. Stephen Baier ya fitar da tarihin tattalin arzikin tsakiyar Nijar a 1980, Maïkoréma Zakari kuma ya yi nasa kan Mangari a 1985. Littafin Salifou shi ne ginshiƙi, kuma duk malamin da ya same shi ya sami jari: jerin sarakuna, komawar fada Zindar a zamanin Sulaiman ɗan Tintuma, tsarin sarautu, da doguwar sarautar Tanimun wanda ya rasu a 1884 bayan ya kewaye Birni da ganuwa ya kuma sa ana ƙera igwa da haɗa albarushi a cikin gari. Amma littafi ne na masana, da Faransanci mai nauyi, ba a kuma samun sa a kasuwa cikin sauƙi. Bugu da ƙari, idonsa yana kan fada. Manomin Mirya da ya biya haraji, da maƙerin da ya narka tagullar igwar, da bawan da aka kora arewa, ba su da murya sosai a ciki. Baier ya fi kusa da su, sai dai shi da Dunbar da Ingilishi suka rubuta. Jami'ar Zindar tana ɗauke da sunan Salifou, wanda ya rasu a 2022. Girmamawa ce da ta dace, amma da an sake buga littafin da araha da ta fi suna a kan ƙofa amfani ga malamin koleji a Tanut ko Gure.

Akwai kuma wasan kwaikwayonsa Tanimoune, na farkon shekarun 1970, wanda ƙungiyoyin al'adu suka fi sani. Yana da amfani wajen jawo hankalin yara, amma wajibi ne malami ya gaya musu cewa wasa ne, kuma wasa gwarzo yake nema. A nan ne ake buƙatar ƙarfin hali. James Richardson, Baturen Ingila da ya zauna Zindar a farkon 1851 zamanin Sarki Ibrahim, ya rubuta abin da ya gani na harin kamun bayi da hukuncin kisa. Richardson ɗan yaƙi da cinikin bayi ne, yana da tabaraunsa, kuma ta bakin tafinta ya ji yawancin abin da ya ji. Wannan ba dalilin ɓoye shi ba ne, dalilin kawo shi aji ne. A ajiye shafi ɗaya nasa kusa da abin da maroƙan fada ke faɗa kan wannan zamani, a tambayi ɗalibai wa ya faɗa, don wa ya faɗa, me ya bari bai faɗa ba. Idan muka cire tatsuniyar Nasara mai kawo wayewa muka maye gurbinta da ta sarki marar aibi, ba mu koyar da tarihi ba, kirari muka sauya wa ubangida. Haka batun 1906, lokacin da Faransawa suka zargi Sarki Amadu ɗan Basa da attajiri Malam Yaro da shirya tawaye suka kai sarkin Kodebuwa, a shekarar da aka yi Satiru kusa da Sakkwato. Shin makirci ne na gaske ko sharri aka ƙulla a fada? Tambaya ce da ɗaliban lise za su iya tafka muhawara a kanta fiye da kowace tambayar haddar shekaru.

A ɓangaren labarin ƙasa matsalar tsufa ce. Atlas du Niger na 1980, wanda Edmond Bernus da Sidikou Arouna Hamidou suka jagoranta, kyakkyawan aiki ne, kuma taswirorinsa na duwatsu da ƙasa ba su lalace ba. Amma Nijar ɗin da ke ciki mai jihohi bakwai ce da mutane miliyan 5 da ƴan kai bisa ƙidayar 1977. Ƙidayar 2012 ta sami sama da miliyan 17, jihar Damagaram kaɗai tana da kimanin miliyan 3.5. Babu matatar man SORAZ da aka buɗe a 2011. Kuma duk wani littafi da aka rubuta da idon farin 1973 da na 1984 labari ɗaya yake bayarwa: hamada na tahowa, manomi na sare itace. Alhali binciken da Mahamane Larwanou da Chris Reij da abokan aikinsu suka yi a tsakiyar shekarun 2000 ya nuna cewa manoman Magarya da Matamaye da Mirya sun rayar da gawo da sauran itatuwa a gonakinsu a kan fili mai faɗin gaske, ta hanyar barin tohon da ya fito da kansa suna yi masa sassabe na hikima. Masana daga nesa suna zuwa kallon wannan aiki. Ɗan manomin da ya yi shi kuwa yana zaune a aji yana kwafar cewa ubansa ne ke kawo hamada.

Ruwan Zindar ma darasi ne da ke bakin ƙofa. Garin yana zaune ne a kan tsohon dutse mai tauri wanda ba ya riƙe ruwa, shi ya sa ake jawo shi daga Gogo da Macaya da Arunguza da Ganaram, kuma ƙarancinsa na cikin hujjojin da aka kawo sa'ad da aka ɗauke babban birni aka mayar Yamai a 1926. Yarinyar da ta yi layin famfo da asuba ta riga ta san rabin darasin, saura a nuna mata dalilin a kan zane. Ga fim ɗin Zinder na Aïcha Macky, na 2021, kan unguwar Kara-Kara, wanda ya isa buɗe babin girman birane da zaman banza na matasa ga manyan azuzuwa.

Me ya rage, ke nan? A ganina ba jiran sabon littafi daga Yamai ba. Abin da ƙungiyoyin malamai da na al'adu za su iya yi da ƙarfinsu shi ne ɗan ƙaramin kundi, Hausa a shafin dama Faransanci a na hagu: taswira ɗaya daga Agadas zuwa Kano, daga Katsina zuwa Kukawa, ba tare da layin 1906 ba, sai ta biyu mai layin, gajerun shaidu daga Richardson da Barth, wanda ya sauka garin a ƙarshen 1852, da rahoton ayarin Tilho, da kuma abin da aka ɗauka daga bakin dattawa, ba na Birni kaɗai ba, har da na Zango da Mirya da Dungas, domin waɗanda aka ci da yaƙi ba labarin fada suke bayarwa ba. Batun harshe bai kamata ya tsorata kowa ba a garin da aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a 1973, balle yanzu da kundin ƙasa na Maris 2025 ya ayyana Hausa harshen ƙasa. Aikin da ke gaba shi ne daidaita kalmomi, don kada malamin Magarya da na Tanut su kira abu ɗaya da suna biyu.

Cikas ɗaya ne ba ya hannun ƙungiyoyi. Malami mai aji cike maƙil da manhaja mai tsawo abin da za a tambaya a BEPC da bakaloriya yake koyarwa, kuma ba a ga laifinsa. Muddin takardar jarrabawa ba ta ware ko tambaya ɗaya kan tarihi da yanayin jihar da ɗalibi yake zaune ba, kundin zai tsaya a akwatin darakta, yawon ganin ragowar ganuwa kuma zai zama na ranar hutu ga wanda ya ga dama. Wannan buƙata ce da ya kamata sufetoci da ƙungiyoyin malamai na jihar su rubuta su miƙa wa ma'aikatar ilimi, tare da samfurin tambayoyin da yadda za a ba su maki.