Miyar kuka ta shiga waya, an bar daddawa a ƙauye

Girkin gargajiya ya shigo yayi. Duk wanda ke leƙa TikTok ko Instagram yana ganin amare da 'yan mata, har da maza, suna tuƙa tuwon dawa a kan gas, suna kaɗa miyar kuka, suna turara dambu a tukwane masu ƙyalli. Ɗan waken da ake kira abincin ƙarshen wata yanzu da dafaffen ƙwai da kabeji ake jera shi a faranti. Abin yana yi mini daɗi, domin an yi zamanin da in amarya ta ce tuwo ta yi wa ango sai ƙawaye su yi mata dariya.

Amma akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. A yawancin bidiyon nan, in an zo kan daddawa sai ka ji an ce “in kina so”. Dunƙule kuwa ba a neman ra'ayin kowa: a ɓare huɗu, a ƙara farin magi, a bi da kori. Miya ta fito kore shar da yauƙinta, sai dai da ita da taushe da jalof ɗin gidan duk bakinsu ɗaya.

Kakata ta wajen uwa da hannunta take yin daddawa. Da bazara, in ɗorawa ta nuna, mu yara mu sha garin, ita kuma ta tara kalwa. Ta ɗora ta a wuta ta kwana tana dahuwa, da safe a zuba a turmi a surfe ɓawon, a wanke, a tsince, a sake dafawa. Sannan ta juye a kwando tun da zafinta, ta lulluɓe da ganye da tsummoki, ta tura lungun ɗaki. Kwana biyu ko uku ba mai taɓawa. Da hanci take gane ta yi. In ta buɗe da wuri kalwa ce kawai, in ta makara ta zarce. Bayan nan a kirɓa, a mulmula, a shanya. Ranar miya kuma ba ta jefa ta haka nan. Sai ta daka ta da barkono da citta da masoro, ta bar ta ta tafasa sosai da ƙashi ko busasshen kifi har warin ya koma ƙamshi, kafin kuka ta shiga, maburgi ya yi aikinsa, man shanu ya biyo baya. Karkashi da ruwan tokar da ta tace da kanta take yinsa. In aka tambaye ta yawan abin da za a zuba, amsarta ɗaya ce: “Hannunki zai gaya miki.”

Wannan sashen ne ba na gani a waya. Ana ɗaukar mintunan ƙarshe na girki, an bar aikin kwanakin da ya haifi ɗanɗanon.

Ba ina kiran mata su koma surfe da daka ba ne. Na ga kantar da taɓarya ta bari a tafin kakata, kuma injin niƙa rahama ne. Shi ma dunƙule ba baƙo ba ne: kamfanin Maggi na ƙasar Suwizalan ya fito da shi tun 1908, ya haɗe da Nestlé a 1947, kuma dunƙulen ya samu karɓuwa a nan domin yana da araha, ba ya lalacewa, nama kuma ya yi tsada. Sai dai babban kasonsa gishiri ne, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 na gishiri a rana. Ita kuwa daddawa abinci ce mai gina jiki, shi ya sa ta riƙe gidajen da nama sai da sallah.

Maƙwabtanmu ba sa jin kunyar tasu. Yarbawa na zuba iru, wato daddawarsu, a miyar efo riro suna alfahari, har a Landan ana sayar da shi. A Mali da Burkina Faso tasu da suke kira sumbala na nan daram a tukunya. Mu ne muke toshe hanci, muna cewa wari, har ɗiyarmu ta girma ba ta bambanta daddawar kalwa da ta waken suya da ta batso, wadda ake yi da 'ya'yan yakuwa. Itacen ɗorawar ma masu gawayi ba su ƙyale shi ba, ga shi sai ya yi shekaru kafin ya fara 'ya'ya.

Don haka, masu bidiyon girki, ku ɗauki wayar nan ku je wurin tsohuwar da ke yin daddawa a garinku tun tana da ƙarfin ɗaga taɓarya. Ku ɗauki aikin daga kalwa har shanya, ku tambaye ta yadda take gane ta nuna, ku ambaci sunanta in ta yarda, ku kuma sayi daddawarta da daraja ba tare da neman ragi ba.