Zanen yatsa da tsagar gado: wa na'ura ta sani a cikin mawaƙanmu?

Duk wanda ya bi layin rajista kafin zaɓen 2020 a ƙasarmu ya san abin da ake nufi da zanen yatsa. Mutum ya ɗora yatsunsa bisa ɗan gilashi, na'ura ta ɗauki zanen ta ajiye, daga ranar nan ta san shi. Wanda bai zo rajista ba, ko da shi ne maigari, na'ura ba ta san da zamansa ba. Irin wannan dabara ce manyan kamfanonin intanet suka ɗora wa waƙa da fim, suna cewa da ita za a karya lagon masu satar fasaha. Manufar wannan sharhi ita ce a auna wannan alkawari da mudun waƙar Hausa, kamar yadda muke jin ta a nan Zabori da sauran garuruwan ƙasar Gaya, inda kunne ɗaya ke sauraren Yamai da Sakkwato da Kano a yini guda.

Yadda abin yake aiki

Na'ura ba ta jin waƙa kamar yadda ɗan Adam ke ji. Mayar da sauti take yi ya koma wani irin zane, mai nuna wace murya ta tashi, wace ta sauka, kuma a wane lokaci. Daga cikin zanen sai ta tsinci wuraren da sauti ya fi ƙarfi, ta auna tazarar da ke tsakaninsu, ta mayar da su lambobi. Waɗannan lambobi su ne zanen yatsan waƙar. Ba su da nauyi, kuma ba su cika ɓacewa ba ko da an ɗauki waƙar cikin hayaniyar kasuwa. Haka ake yi wa hoton fim. Mai haƙƙi yana ba da kwafinsa na asali a ajiye a rumbu, duk abin da wani ya ɗora daga baya sai a gwada shi da abin da ke rumbun.

Kamfanin Shazam ya fara gane wa mutane sunan waƙa ta wayar salula a Ingila a 2002. A watan Maris na 2007 kamfanin Viacom ya kai YouTube kotu a Amurka yana neman diyyar dalar Amurka biliyan 1, kuma a cikin wannan shekara YouTube ya fito da tsarin da aka sani yau da Content ID. Facebook ya biyo baya da nasa a 2016. Idan na'ura ta kama abu, mai haƙƙi yana da zaɓi uku: ya toshe shi, ya bar shi ya riƙa karɓar kuɗin tallar da ke kansa, ko ya zuba ido kawai. A rahoton da YouTube ya fitar kan watanni shida na farkon 2021, kamen da tsarin ya yi ya haura miliyan 700, kuma waɗanda aka ƙalubalanta ba su kai kashi 1 cikin 100 ba.

Abin da ba za a musa ba

Adalci ne a faɗi alherin abin. Masu shirya fim a Kano sun sha wuya a hannun masu kwafi tun zamanin kaset: fim ya fita da safe, kafin la'asar an buga dubunsa a wani ɗaki. Yau mai tasha a YouTube da ya shigar da fim ɗinsa a rumbu yana iya kama wanda ya sake ɗora shi, ko da a wace ƙasa yake. Masu ɗora fina-finan Indiya da aka yi wa fassarar Hausa ma sun san zafin na'urar, shi ya sa ake ganin hoto a juye, ko an ƙuntata shi cikin wani ado, ko an ƙara wa murya sauri. Wanda ya yi gumi ya cancanci ya ci, wannan babu gardama.

Inda gizo ke saƙa

Amma tambayar da na'ura ke amsawa ɗaya ce: shin wannan ya yi daidai da abin da ke rumbu? Ba ta tambayar wa ya tsara waƙar, wa ya yi kiɗan, wa ya yi amshi. Ta san wanda ya riga kai kwafi, shi ke nan. A nan ne waƙar baka ta Hausa ke faɗuwa ta gefe, saboda dalilai uku.

Na farko, waƙar makaɗi ba ta da siffa guda. Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ya rera Bakandamiyarsa sau da yawa, kuma masu tara kaset sun san kowane ɗauka da nasa ɗiyan waƙa. Haka Musa Ɗanƙwairo, haka Ma'azu Ɗan Alalo na Damagaram, haka Ɗan Gurmu wanda ake kiran gasar kiɗan ƙasa da sunansa. Gindin waƙa yana nan, sauran kuwa ya danganta da wurin da aka yi ta da mutanen da ke zaune. A idon na'ura kowane ɗauka baƙo ne. An ƙara mata dabarar gane karin waƙa, amma wannan ma sai ga wanda wani kamfani ya yi wa rajista.

Na biyu, ƙofar rumbun ƙunci gare ta. Masu izinin shigar da kaya kai tsaye ƴan dubbai ne a duniya duka, akasarinsu manyan kamfanoni. Ƙaramin mawaƙi sai ya bi ta hannun dillali, ya tanadi asusun banki, ya iya Turanci ko Faransanci. A 2023 Najeriya da Gana da Sanagal suna cikin jerin ƙasashen da YouTube ke biyan masu tasha, Nijar da Benin ba su ciki. Ke nan mai gurmi na Kamba da mai gurmi na Zabori, masu harshe ɗaya da kari ɗaya, ba matsayinsu ɗaya ba.

Na uku, inda babu mai gadi, mai wayo ke zama mai gida. A 2021 an gurfanar da wasu mutum biyu a jihar Arizona ta Amurka saboda sun yi da'awar mallakar waƙoƙi kusan 50,000 na mawaƙan Latin Amurka, suka kwashi fiye da dalar Amurka miliyan 20 cikin ƴan shekaru kafin asirinsu ya tonu. A 2015 wani mai kiɗa a Ostareliya ya ɗora shuu ɗin rediyo tsantsa na awa 10, zuwa 2018 aka sami da'awa har biyar a kansa. Idan haka ta faru ga masu lauya, ina ga magadan makaɗin ƙauye? Ni kaina na ga ɗan misali. Ɗalibanmu sun yi wasan kwaikwayo a makon al'adu, suka saka wani tsohon kiɗan noma da suka kwafo daga kaset ɗin kakan ɗayansu. Da aka ɗora hoton a wani dandali, sai ga sanarwa cewa kiɗan mallakar wani kamfani ne da ba mu taɓa jin sunansa ba. Jikokin makaɗin suna nan da rai, ba wanda ya taɓa sallama da su. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Hanyar da na'ura ba ta bi

Akwai kuma abin da masu yabon tsarin ke mantawa: yawancin waƙar da ake saurare a karkararmu ba ta bi ta gabansa. A kasuwar Gaya, da Kamba, da Malanbil a ƙetaren gada, saurayi ne da kwamfuta a rumfa ke cika wa mutane katin waya da waƙa da fim a kan kuɗi kaɗan. Daga nan sai ta bi ta Bluetooth da Xender daga waya zuwa waya, ko ta WhatsApp, wanda tun 2016 saƙonninsa a kulle suke, kamfanin kansa ba ya ganin abin da ke ciki. Najeriya ta rufe iyakokinta a 2019, an rufe gadar Gaya a 2023, shinkafa da albasa suka tsaya, waƙa ba ta tsaya ba.

Labarin Mdou Moctar, mai garayar zamani ɗan jihar Tawa, yana da darasi. Ya ɗauki waƙoƙinsa na farko a Sakkwato a 2008, cikin salon sautin fina-finan Hausa, suka yaɗu a wayoyin Sahara ba suna ba adireshi. Wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya tsinci ɗaya a katin waya a arewacin Mali, ya saka ta cikin faifan da ya fitar a 2011, ya yi ta cigiya har ya gano mai ita. Tambaya da bin sawu suka haɗa waƙa da mai ita, ba rumbun wani kamfani ba.

Muna da namu hatimi

Kada a ɗauka Bahaushe bai san haƙƙin mai fasaha ba sai da Bature ya zo. Makaɗi yana ambaton sunansa cikin waƙa, ya ambaci ubangidansa, ya ambaci masu kiɗa da masu amshi, wani lokaci har wanda ya koya masa. Marubucin waƙa yana sa hannu a baitin ƙarshe, ya ɓoye shekarar cikin ramzi. Mai tahamisi yana ƙara layuka uku a kan biyun magabaci ba tare da ya shafe sunansa ba: waƙar Tabbat Haƙiƙa Shehu Usmanu ya yi ta da Fulatanci, Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa, Isa ɗan Shehu ya yi mata tahamisi, kuma sunayen uku duk sun iso gare mu. Wannan ya fi kama da tsagar gado da Ba'are ko Bakabe ko Bagobiri ke ɗauke da ita: ba mutum ɗaya take nunawa ba, asali take nunawa. Zanen yatsa yana raba mutum da kowa, tsaga tana haɗa shi da danginsa. Waƙar baka tana buƙatar na biyun, na'ura kuwa na farko kawai ta iya.

Dokokinmu sun fi na'ura fahimtar wannan. Dokar Nijar ta 1993 kan haƙƙin mallaka ta haɗa da kayan al'adun gargajiya, dokar 2010 da ta gaje ta ba ta yar da su ba, kuma tun 1995 akwai hukumar BNDA. Benin tana da BUBEDRA, ƙasashen biyu suna cikin yarjejeniyar Bangi ta 1977, Najeriya kuma ta sami sabuwar doka a 2023. Sai dai na'urar da ke Kalifoniya ba ta karanta dokar Yamai. Abin da aka ba ta shi take riƙewa.

Kammalawa

Ba kira nake yi a juya wa fasaha baya ba. Idan kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Amma mu malamai da ƙungiyoyin al'adu akwai aikin da ba wanda zai yi mana. Kowace makaranta tana iya sa ɗalibai su tattaro tsofaffin kaset na gidajensu, a mayar da su cikin kwamfuta, a rubuta sunan makaɗi da ƴan amshinsa, da garin da aka yi waƙar, da shekara, da magadansa, da yardarsu. A kai kwafi cibiyoyin ajiya na Yamai, irin su CELHTO da IRSH, a raka masu rai da magada su yi rajista a BNDA da sunansu, ba da sunan mai waya ba. Hukumar ita ma ya kamata ta nemi hanyar shigar da wannan taska a rumbunan duniya a madadin masu ita, tare da gidan rediyon Muryar Sahel da ke riƙe da tsofaffin faya-fayai.

A aji kuma, duk lokacin da ɗalibi ya kawo waƙa, mu saba masa da tambaya ta farko: ta wa ce, daga wa ya ji ta? Yaron da ya tashi da wannan tambaya a bakinsa ba zai yarda a ce masa kiɗan kakansa na wani baƙo ne ba. Ranar da irin sanarwar nan ta sake zuwa, za mu amsa ta da takarda, da suna, da shekara.