Zanen da ake yi kafin bango ya bushe

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban tsohon zaure a Birnin Zariya ko unguwar Birni ta Damagaram ya san zanen bangon Bahaushe ba fenti ba ne. Tudu ne da kwari. Magini yakan yaɓa ƙasa, tun tana ɗanya ya bi ta da yatsa, ko ya ɗora wata a kai ya murza, har dagi ya fito, ko takobi, ko allo. Inuwa ce ke cika layukan, shi ya sa abin da ka gani da hantsi ba shi za ka tarar da la'asar ba. Ni da na fara zane da biro a bayan littafin makaranta, wannan motsin ne ya fara kama ni: hoto yana tafiya ba tare da na'ura ba.

Abin da nake son a lura da shi shi ne, zanen nan ɗan yaɓe ne. Gidan tubali yana neman kulawa kafin kowace damina. A duba indararo, a toshe tsaga, a sake shafa makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa don kada ruwa ya ci bango. Masu hali su sa laso, haɗin katsin marina da gashin dabba da dafara. Duk lokacin da hannu ya koma kan bango, an sami damar sabon zane. Ta haka keke da mota da agogo da jirgin sama suka hau bangon Zariya a ƙarni na 20, kusa da tsohon dagi, ba wanda ya ce sun ɓata al'ada. Maigida yana nuna abin da ya gani a duniya, magini yana nuna gwanintarsa.

Haka abin yake a can cikin gini. Bakan gizon Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Mika'ilu ya gina zamanin Sarki Abdulkarimu, azara ce aka jera aka lulluɓe da ƙasa. Abin da ke ɗauke da nauyin rufin shi ne kuma adon ɗakin.

Da siminti da kwano suka zo, sun ɗauke wahalar yaɓen shekara-shekara, kuma ban ga laifin wanda soro ya taɓa zubo masa cikin dare ba idan ya zaɓe su. Amma sun tafi da sanyin ɗaki a watan Afrilu, sun kuma tafi da dalilin zanen. Dagin da ake shafawa da fenti a katangar bulo yau tambari ne kawai, a shafe yake, rana ba ta da abin yi da shi.

A Nijar an ɗauko zaren daga wani gefe. Falke Barmu, maginin masallacin Yama, ya sami lambar yabo ta Aga Khan a 1986 da ginin ƙasa zalla. Mariam Issoufou da abokan aikinta sun gina gidajen Niamey 2000 da bulon ƙasa da inji ke matsewa, sannan a 2018 ita da Yasaman Esmaili suka kammala sabon masallacin Dandaji, suka mai da tsohon ya zama ɗakin karatu. Aikin yana burge ni ƙwarai. Ƙasar daga kusa ake haƙo ta, ɗakin ba ya neman iyakwandishan, kuma ya kawar da zancen cewa ginin ƙasa na talaka ne. Sai dai bulon inji ba ya neman yaɓe kamar tubali. An dawo da sanyi, zanen hannu kuwa an bar shi a baya. Abin da ya fi kwanta mini a rai a Dandaji shi ne kiran tsofaffin magina su gyara tsohon ginin da hannunsu.

Su ma matasanmu masu zanen katun a kwamfuta, idan za su nuna gidan Hausa, sukan ja katanga miƙaƙƙiya, su kafa zanko a kusurwa, su manna dagi a saman ƙofa. Bangon tubali kuwa yana da kauri a ƙasa, yana sirancewa yayin da yake hawa, ba shi da kaifin baki, kuma sawun yatsun wanda ya yaɓa shi yana nan a jikinsa.