Hatimin Bakatsine da Hatimin Bajamushe

'Yan makaranta, in an zo ba ku labarin masanan Turai na shekaru 400 ko 500 da suka wuce, akan jera muku sunaye kamar ana kiran samari a dandali: Kofanikus, Galiliyo, Kefila, Niyuton. Yaro ya haddace, ya tashi da zaton su can an haife su da hankali, mu nan da camfi. To, bari mu auna wannan zato da abu guda wanda duk ɗan Kazaure ko Roni ya taɓa gani a allon malami, watau hatimi.

A cikin 1514 wani mai zane na birnin Nurambag a ƙasar Jamus, sunansa Albarek Dura, ya sassaƙa wata sura a kan farantin jan ƙarfe, ya sa mata suna Baƙin Ciki. Mace ce mai fukafukai ta zauna ta yi tagumi, kayan awo da na sassaƙa sun watsu a gabanta, ga wani kare ramamme kwance. Bisa kanta, a jikin bango, ga hatimi mai gida 16. Ko ta ina ka haɗa, a tsaye ko a kwance ko a karkace, 34 za ka samu. Kusurwoyi huɗu 34, gidaje huɗu na tsakiya 34. A layin ƙasa kuma ya jera 15 da 14 kusa da juna, shekarar aikin ke nan. Gwaninta kam ta kai gwaninta. Amma masu binciken wannan sura sun ce irin hatimin nan na tauraron Mushtari ne, wanda Turawan lokacin su ke ɗauka maganin ƙuncin zuciya. Ashe laya ce Bature ya rataya a bango! Kada kuwa ku yi mamaki, gama Kefila kansa yana yi wa manyan mutane duba da taurari don ya ci abinci.

Sai namu. Muhammadu ɗan Muhammadu, Bafillacen Katsina, ya tafi hajji wajen 1730, ya zauna a Alƙahira, ya rasu can a 1741 a gidan Shehu Hasan Aljabarti. Wajen 1732 ya gama littafinsa na Larabci, Bahjatul Afaƙi, a kan ilmin haruffa da hatimai. In don lissafi ne, ni a ganina Bakatsine ya fi Bajamushe nesa ba kusa ba. Dura hatimi ɗaya ya ba mu, bai gaya mana yadda ya ƙulla shi ba. Malam Muhammadu kuwa hanya ya koyar, ta shirya hatiman da gidajen gefensu ba su rabuwa biyu daidai, kamar 3 ko 5 ko 7, har almajiri ya iya gina nasa. Wanda ya ba ka fura ya yi maka alheri, amma bai kai wanda ya ba ka iri ba.

Duk da haka littafin yana da aibi, ba kuwa ƙarami ba. Malam ya cuɗa lissafi da asiri, sa'an nan ya gargaɗi mai karatu ya yi aikinsa a ɓoye, kada ya baza wa kowa. Nan hanya ta rabu. Dura ya buga surarsa a takarda da yawa, ta shiga kasuwanni. Galiliyo da ya hangi watanni huɗu suna kewaya Mushtari, sai ya buga labarin a 1610, cikin wannan shekara Kefila ya ɗauki madubin hangen nesa ya duba, ya shaida. Da ƙarya ce, da an kama shi. Ba wai Turai ta sakar masa mara ba ne, don a 1633 malaman Ruma sun yi masa shari'a, suka tsare shi a gida har ya mutu. Amma littafi ya riga ya fita, ba ya tsaruwa.

Abin da aka ɓoye ba mai gyara kuskurensa, ba mai ƙara masa kome. Shekara 35 bayan rasuwar Bakatsine, a 1776, wani masanin lissafi, Oila, ya kai wa taron masana na Fitasbag a Rasha takardarsa a kan hatimai, lissafi tsantsa, kowa ya gani ya gwada.

Ga abin gwaji gare ku. Ku ninka gidajen gefen hatimi da kansu, ku ƙara 1, ku sake ninkawa da gidajen gefen, ku raba biyu: abin da kowane layi zai bayar ke nan. Mai gefe 3 ya ba da 15, na Dura 34, mai gefe 5 kuma 65. Ku zana mai gida 25 a allo, ku zuba 1 har zuwa 25 ba maimaici. Wanda ya samu, ya nuna wa dukan 'yan ajinsu yadda ya yi.