Rufa-ido da Katako da Fenti: Nazari kan Ginin Dandalin Wasa

A birnin Vicenza na arewacin Italiya akwai tsohon gidan wasan kwaikwayo mai suna Teatro Olimpico. Andrea Palladio ne ya zana shi, amma ya rasu a 1580 bai ga kammaluwarsa ba, sai Vincenzo Scamozzi ya ƙarasa aikin. Da za a buɗe gidan a watan Maris na 1585 da wasan Sarki Oedipus, Scamozzi ya gina titunan birnin Thebes guda 7 a bayan ƙofofin dandamali, da katako da filasta. Duk wanda ya zauna cikin 'yan kallo ya leƙa ta ƙofar tsakiya, zai rantse titin ya miƙe har inda gani ya ƙare, alhali taku kaɗan ne ka dafa bangon ƙarshe. Daɓen yana hawa sannu a hankali, bangaye biyu suna matsowa juna, kowane gida ya fi na gabansa ƙanƙanta. Don wasa guda aka yi titunan, ga su nan har yau ba a rushe ba.

Francesco Borromini ya yi irin wannan da tubali a fadar Spada da ke Rum, wajen 1653: wani zaure mai ginshiƙai da tsawonsa bai kai mita 9 ba, amma ido yana ba shi ninkin haka sau huɗu. Mutum-mutumin da ke ƙarshensa, wanda ake zaton ya kai tsayin babban mutum, santimita 60 ne kacal.

Me ya sa ido ke yarda? Domin ido ba ya auna nisa, kintace yake yi da abin da ya saba. Tun muna yara muka san cewa abin da ya yi nisa yana ƙanƙancewa, kuma ƙarafan layin dogo biyu suna haɗewa can gaba. Mai tsara dandali ba ya ƙirƙiro wa ido wata sabuwar ƙarya. Alamun da ya amince da su yake jera masa, ya bar shi ya yanke hukunci da kansa. Ɗakin da masanin ido Adelbert Ames ya gina a Amurka a 1946 ya nuna iyakar wannan amincewa. Ɗakin a karkace yake, kusurwa ɗaya ta fi ɗaya nisa ƙwarai, amma in aka leƙa ta huda guda sai a ga ɗaki mai kusurwa huɗu daidai. Mutum ya taka daga wannan gefe zuwa wancan, ka ga ya girma a gaban idonka. Ƙwaƙwalwa ta gwammace ta yarda mutum ya kumbura da ta yarda magini ya karkata bango.

Sai dai a lura da hudar nan guda. A nan ƙarfin wannan fasaha yake, a nan kuma rauninta. Dukkan layukan da aka karkata suna haɗuwa ne a ido ɗaya da ke tsaye a wuri ɗaya. Ka gusa gefe, asiri ya tonu. A fadojin Italiya ba a ɓoye wanda ya mallaki wurin ba. Littafin da Nicola Sabbatini ya fitar a 1638 kan gina dandali ya keɓe bayani a kan inda za a kafa kujerar yarima, wato inda hoton ya fi cika. Sauran jama'a kuwa, gwargwadon nisanka da mai sarauta gwargwadon karkacewar birnin da kake gani. Wannan ne ya sa nake girmama Scamozzi: da ya baje titunansa ta fuskoki daban-daban, na gefe ma ya samu lungun da zai zura ido.

Rauni na biyu jikin ɗan wasa ne. Katako yana ƙanƙancewa yadda aka umarce shi, ɗan Adam ba ya yi. Da ɗan wasa zai shiga titin Scamozzi ya yi gaba, kafin ya kai ƙarshe kansa ya kai tagogin bene. Dole wasan ya tsaya a gaba, birnin ya zama abin hange kawai.

Zuwan kyamara ya warware matsalar farko gaba ɗaya, don ita ido ɗaya gare ta, kuma inda ta tsaya nan kowane ɗan kallo ya tsaya. Ta biyun ta fi taurin kai. A fim ɗin Sunrise na 1927, F. W. Murnau da mai tsara masa dandali Rochus Gliese sun gina birni mai gine-ginen da ke raguwa zuwa baya, suka sa yara da wadanni can ƙurya don tsayin mutane ya dace da na gidaje. A ƙarshen Casablanca na 1942, jirgin saman da ke bayan Humphrey Bogart ƙaramin kwaikwayo ne, makanikan da ke kewaye da shi wadanni ne, hazo kuma ya lulluɓe abin da ya rage. Dabarar ta ci, amma tana da ɗaci: an ɗauki mutane aiki ne a matsayin ma'auni, ba don fuskarsu ko iya wasansu ba.

Peter Jackson ya juya lissafin a The Lord of the Rings na 2001. Maimakon ya ɓoye saɓanin tsayi, shi yake nema. An zaunar da ɗan wasa Elijah Wood nesa da kyamara, abokin wasansa Ian McKellen kusa, aka raba teburin da ke tsakaninsu gida biyu masu girma daban, har da kwanuka da kofuna. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda aka sa wani ɓangaren dandalin yana gusawa tare da kyamara, ta yadda ido ya samu damar motsi ba tare da mahaɗin teburin ya bayyana ba. Nauyin ya koma kan 'yan wasan: kowannensu yana kallon iska, yana magana da wanda ba ya inda idonsa yake.

Akwai kuma wata hanyar da ba ta damu a gane ta ba. A The Cabinet of Dr. Caligari, fim ɗin Jamus na 1920, Hermann Warm da Walter Reimann da Walter Röhrig sun zana gari a kan ƙyalle da takarda: tagogi a karkace, gidaje sun sunkuyo kamar za su faɗo, inuwa da haske duk da fenti aka shafa su a ƙasa da bango. Babu mai kallon da zai ɗauka garin gaske ne. Abin da ake son ya yarda da shi daban ne, cewa haka duniya take a idon mai ba da labarin, wanda daga ƙarshe za a gano majinyaci ne a gidan masu taɓin hankali.

Ko a nan ɗin jiki ne alƙali. Conrad Veidt, wanda ya fito a matsayin Cesare mai tafiya cikin barci, yana bin bango yana lanƙwasa da shi, siriri cikin baƙaƙen kaya, har ka kasa raba shi da zanen. Werner Krauss, wanda ya fito a matsayin Caligari, shi ma haka, tafiyarsa a karkace take irin ta garin. Amma da zarar ƙananan 'yan wasa sun shigo suna takawa yadda ake takawa a titin Berlin, sai garin ya koma ƙyalle mai fenti, ka fara ganin inda kafinta ya tsayar da shi.