Daga Kwandon Musa Zuwa Kumbon Superman: Abin da Masu Zane Suka Bari a Hanya

Duk wanda ya taɓa zama a shagon cajin waya a Rikoto da yamma ya san yadda samari ke haɗa kai a kan waya guda, suna kallon wani ƙato mai jan mayafi yana tare jirgin sama da hannu. Wasu daga cikinsu sun fito daga coci, wasu daga Islamiyya, kamar yadda zaman Zuru yake tun da daɗewa. Abin da ba kasafai suke lura da shi ba shi ne, farkon labarin ƙaton nan sun riga sun san shi tun suna yara, daga bakin malamansu.

Superman ya fara fitowa a 1938, a mujallar Action Comics. Waɗanda suka ƙirƙiro shi, Jerry Siegel da Joe Shuster, samari ne Yahudawa a birnin Cleveland na Amurka, 'ya'yan baƙi masu ƙaura. Labarin kuwa: jariri ne da halaka ke shirin cin mutanensa, aka saka shi cikin ɗan kumbo aka sake shi, wasu baƙi suka tsince shi suka raine shi, ya girma da suna biyu, daga baya ya zama mai ceto. Wanda ya karanta Littafin Fitowa sura ta 2, ko ya ji ƙissar Annabi Musa a Suratul Ƙasas, zai gane inda aka ɗebo ruwan. Cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa ya fito a 1932, wato Bahaushe ya riga ya iya karanta labarin kwandon nan da harshensa shekara 6 kafin a zana kumbon.

Masu fim sun ƙara matsa kamannin. A fim ɗin Man of Steel na 2013, Superman yana da shekara 33, ya shiga coci neman shawara da hoton Yesu a tagar bayansa, sannan ya faɗo daga sama da hannuwa a buɗe kamar gicciye. Tun kafin nan, littattafan zanen sun kashe shi a 1992 suka tashe shi a 1993. Ba ma kawo wannan don daidaita annabi da zanen yara. Muna kawo shi ne don a ga irin kayan da aka ara, sannan mu tambaya ko an ari kayan gaba ɗaya.

A ganinmu an ɗauki ƙarfin, an bar raunin. Musa na Littafi mutum ne da ya kashe Bamasare ya gudu, ya ce harshensa ba ya sakuwa har aka haɗa shi da ɗan'uwansa Haruna, kuma Alƙur'ani ma ya kawo waɗannan biyun. A Fitowa sura ta 17, lokacin yaƙi da Amalekawa, hannuwansa sun gaji, sai da Haruna da Hur suka riƙe masa su har faɗuwar rana. A sura ta 18 surukinsa Yetro ya gargaɗe shi cewa shari'ar jama'a ta fi ƙarfin mutum ɗaya, ya raba aikin. Daga ƙarshe bai taka ƙasar da ya ja mutanensa zuwa gare ta ba. Superman kuwa wa ke riƙe masa hannu? Mutanen birninsa aikinsu ihu da ɗaga kai sama.

Haka abin yake ga Samson na Littafin Mahukunta, wanda ya yaga zaki, ya kashe mutum dubu da muƙamuƙin jaki. Ana yawan kwatanta sumarsa da dutsen Kryptonite da ke karya lagon Superman, amma kwatancin bai zauna daidai ba. Kryptonite abu ne da maƙiyi ke ɗaukowa daga waje, jarumin ba shi da laifi. Sumar Samson kuwa alamar keɓewarsa ce ga Allah, kuma da bakinsa ya tona wa Delila asirin. Ƙarfinsa na aro ne, ranar da ya ci amana aka karɓe. A cikin jaruman zane, Spider-Man na Stan Lee da Steve Ditko, wanda ya fito a 1962, shi ya fi kusa da wannan darasi: ya ƙyale ɓarawo ya wuce don yana ganin ba ruwansa, ɓarawon ya je ya kashe kawunsa. Da nadama ya fara, shi ya sa labarinsa ke da nauyin da na ƙaton mai mayafi ya rasa.

Wani zai ce nishaɗi ne kawai, me ya yi zafi? A ƙasar Zuru tambayar mai ceto ta wuce wasa. A watan Maris na 2022 'yan bindiga sun kashe 'yan sa-kai fiye da 60 a yankin Sakaba. Waɗanda suka mutu mutane ne masu iyali, harsashi yana huda su. Yaron da ya tashi cikin irin wannan fargaba, idan duk labaran da yake kallo suna koya masa cewa ceto yana faɗowa daga sama a jikin mutum guda, abu biyu ke jiransa: ko ya naɗe hannu yana jira, ko ya miƙa wuya ga duk mai ƙarfin da ya ce shi ne.

Alhali ƙasar nan tana da nata ma'aunin namiji. A al'adar Golmo ta Dakarkari, saurayi kan yi shekaru, galibi bakwai, yana noma gonar surukai kafin a ba shi mata, kuma tare da tsaransa yake yin noman. Mai karatun Littafin Farawa sura ta 29 zai tuna Yakubu, wanda ya yi wa Laban barantaka shekara bakwai saboda Rahila. Ga kamanni a ƙofar gidanmu wanda ba sai an je Amurka ba, kuma jarumtar da ke cikinsa ta haƙuri ce, da cika alkawari, da aikin gayya.

Masu zanen Najeriya sun nuna cewa ana iya ɗebowa daga gida. Roye Okupe ya fitar da Malika a 2017, yana ɗaukar haske daga Sarauniya Amina ta Zazzau. Abin da muke jira daga matashin Rikoto mai fensir ko manhajar zane a waya shi ne gwarzon da ke gajiya, wanda ke yin kuskure ya biya, wanda in an janye abokan Golmonsa daga shafin labarin ba zai tsaya ba. Kayan aikin suna nan cikin littattafan da aka karanta masa yana yaro, da gonakin da ke bayan gari.